Abin da tarkon ɓera ya koya mini a sito

Duk wanda ya yi aikin sito na hatsi a Sabon Garin Zariya ya san ɓera fiye da yadda yake so. Masarar da ake kawowa daga Giwa da Soba bayan kaka takan yi watanni a jibge, kuma buhun da ɓera ya huda, abin da ya ci kaɗan ne a kan abin da ya ɓata da fitsari da kashi.

Abu na farko da maigidanmu ya nuna mini shi ne wurin ɗana tarko. Ɓera ba ya son ratsa fili, jikin bango yake bi yana shafa shi da gashin baki, don haka nan ake ajiye tarko, bakinsa na kallon bango. Manyan ɓeraye kuwa suna da tsoron sabon abu. Sai a sa ƙuli-ƙuli ko busasshen kifi a bar tarkon ba a ɗana ba, su ci su saba, sannan a ɗana. "Yaro, ba ƙarfe ke kama shi ba, sabo ne," in ji Alhaji. Da mutane ke cewa an ɗana wa wane tarko, ai wannan suke nufi: an lura da hanyar da ya saba bi.

Amma tarko ba ya ƙarar da ɓera, kuma nan ne na ga masu sito da yawa suna wahalar banza. Cikin ɓera mako 3 ne kacal, ta haifi 'ya'ya da dama, ba da jimawa ba ta sake ɗaukar wani. Ƙaramin ɓera yana shigewa ta kafar da ba ta wuce kaurin fensir ba. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Sai da muka toshe ramuka da siminti, muka ɗora buhuna a kan katako nesa da bango, muna share tsabar da ta zube kullum kafin rufe ƙofa, sannan tarkon ya fara amfani, domin yunwa ce ke kai ɓera gare shi.

Shinkafar ɓera ba na goyon bayanta a inda abinci yake. Kaji da kyanwa suna ci, yara suna tsinta, ɓeran kuma ya je ya mutu a tsakanin buhuna.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake cire mushen da hannu. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, wani nau'in ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashi, kuma da rani ya fi ƙamari, daidai lokacin da sito ke cike. Mu dai sai mun sa hannu a leda muke cirewa, mu binne, mu wanke tarkon da hannayenmu da sabulu.