Ƙwan fitilarka bai mutu ba, leƙa rauta tukuna

Tunda damina ta kama, iska ta fara taɓa layukan wuta a cikin Katsina, ƙorafin da nike ji wajen masu ƙwayayen fitilar nan da ake kunnawa da waya kusan iri guda ne, daga Ƙofar Ƙaura har Sabuwar Unguwa: an ɗauke wuta an maido, fitila ta daina jin magana. Wani har ya kwance ƙwan ya jefar wai ya ƙone, abun yana mani ciwo wallahi don kuɗi ne ba kaɗan ba, kuma yawancinsu lafiyarsu lau.

Abinda ke faruwa shine idan wuta ta dawo ƙwan cikin ƴan daƙiƙu ya farka ya fara neman Wi-Fi, ita ko rauta, wato na'urar da ke raba Wi-Fi a gida, sai ta ɗauki minti 1 ko 2 kafin ta gama tashi ta kama sabis, to ƙwan ya nema bai samu ba sai wasunsu su haƙura su zauna haka nan, ka buɗe manhajar da kake sarrafa shi da ita a waya, Smart Life ko Tuya, ka ga an nuna maka baya kan layi. Maganin wannan baya buƙatar mai gyara. Bari rauta ta tashi sosai, ka tabbatar wayarka na shiga intanet da ita, sannan ka kashe makunnin bango ka ƙirga goma ka kunna. Sau ɗaya fa, don Allah sau ɗaya.

Dalilin da yasa na nanata shine ainihin inda matsalarmu take. Galibin ƙwayayen Tuya ana goge masu saiti ne ta hanyar kunnawa da kashewa sau 3 a jere, daga nan su hau ƙiftawa da sauri alamar suna jiran a sake haɗa su. To ka duba yadda wutarmu ke zuwa, a kawo a ɗauke a sake kawowa cikin minti guda, ko yaro ya tsaya wajen juya layi daga janareta zuwa wutar gari yana ta sama da ƙasa da hannun. Shi ƙwan ina ya san wannan? A wajenshi maigida ne ya ce goge komai. Idan ka tarar yana wannan ƙiftawa kada ka yi saurin cire shi daga manhaja, don in ka cire har lokutan da ka tsara mashi, na kunnawa da magariba da kashewa bayan asuba, duk sun tafi. Shiga wajen ƙara sabuwar na'ura ka sake haɗa shi, kuma wayarka ta kasance kan layin Wi-Fi na 2.4GHz, don wasu rautoci layi biyu suke badawa, 2.4GHz da 5GHz, yawancin ƙwayayen nan basa ganin 5GHz kwata-kwata, nan mutane da yawa ke maƙalewa suyi ta zagin ƙwan.

Sai wanda ke tada iyali tsakar dare. An maido wuta ƙarfe biyu duk ɗakuna sun haske fes, jariri ya farka. Haka aka ƙera su, da wuta ta shigo su kama da cikakken haske saboda makunnin bango ya riƙa aiki kamar na ƙwan gargajiya. Ƙwai samfurin Philips Hue na da waje a manhajarshi da zaka zaɓi ya koma yadda yake kafin a ɗauke, wasu na Smart Life ma suna da shi cikin saitin kowane ƙwai, sai dai ba duka ba, shi yasa nike ce ma mutane su tambaya tun a shago kafin su biya. Wanda bashi da wannan a kai shi tsakar gida ko zaure, banda ɗakin kwana.

Ni a ganina kuɗin da ya fi amfani ba na ƙarin ƙwai bane, na ƙaramin batirin rauta ne mai bada 12V, ko ka ɗora ta kan layin inbata in kana da sola. In rauta bata mutu ba idan an ɗauke wuta, rabin rigimar ta ƙare. In kuma ka canza rautar ko MiFi, sa mata suna da kalmar sirri irin na tsohuwar sak, ƙwayayen zasu hau da kansu ba sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya ba.

Wanda ya ƙone da gaske kuwa baya ɓuya, ka kai shi wani mazauni mai wuta ya ƙi kawo ko ɗigon haske, wani lokacin har da ƙauri. Wutarmu 230V ya kamata ta zo, amma dawowar farko takan zo da ƙarfi ko ta zo a raunane, don haka duba jikin kwalin, mai ɗaukar 100 zuwa 240V ya fi jure raunin wuta akan wanda aka rubuta 220 zuwa 240V kawai. In ƙwai biyu uku suka tafi a layi guda kuma, daina saye, kira mai wayarin ya auna maka layin.