Inbata na kuka a mota: a duba waya kafin a zargi na'ura

Aikinmu a shago shi ne haɗa wuta a motocin da ake kwana ko aiki a cikinsu: motar asibitin tafi-da-gidanka, bas ɗin da aka mayar ɗaki, da irin motocin gidan nan na Turai da Amurka da kan faɗo mana jefi-jefi. Kukan masu su kusan iri ɗaya ne: inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, na ƙara, tana ɗaukewa da zarar an kunna firji. Mai mota kan zo da niyyar sayen sabuwa, alhali sau da yawa lafiyarta ƙalau.

Lissafin ne mutane ba sa yi. Inbata mai wat 1000 a kan batir 12V tana jan kusan 100A idan an cika mata lodi, mai wat 2000 kuwa kusan 200A. Siririyar wayar gida ba ta ɗaukar wannan. Ga wat 1000 muna sa waya mai kaurin 35mm², ga wat 2000 kuma 70mm², tsawon kada ya wuce mita ɗaya da rabi. Sannan a kankare wayar da wuƙa tun a kasuwa. In cikinta ya fito fari, alminiyam ne aka yi wa rufin jan ƙarfe, zafi za ta yi ta ɗauka tana cinye wutar a hanya.

Gwajin farko na mitar auna wuta ne. Batir mai ruwa da ya huta, in ya cika zai nuna 12.6V zuwa 12.7V, 12.2V kuwa rabi ne. Sai a kunna lodi, a auna a kan batir, a sake aunawa a bakin inbata. In batir na nuna 12.3V amma inbata na ganin 11V, wutar a hanya take zubewa: ko noti ya saki, ko kan batir ya yi farin gari, ko baƙar wayar an ɗaure ta a bodi a kan fenti da tsatsa. A taɓa kowace mahaɗa, wadda ta yi ɗumi ita ce ɓarauniyar. In kuma batir ɗin da kansa ya faɗo wajen 10.5V, inda yawancin inbata ke yankewa, to ya gaji, kuma zafinmu na bazara ba ya raga wa batir.

Batir biyu a jere, ja da ja, baƙi da baƙi, suna nan a 12V. A ɗauki jar waya daga na farko, baƙa daga na biyu, don su gaji tare. Wanda ya haɗa jan wannan da baƙin wancan ya yi 24V, ya ƙona inbatar 12V. Fiyus kuma a jikin jar waya yake, kusa da batir, kamar tazarar santimita 18. Cire shi a cusa waya, yadda wasu ke yi, gobara ce ake kira.

Akwai wanda batir ɗinsa ba ya caji a tafiya. In inji na aiki, ya kamata a ga 13.8V zuwa 14.4V a batir ɗin ɗaki, wato wanda inbata ke jan wuta daga gare shi. In babu, a duba rile, wato makunnin da ke haɗa shi ko raba shi da batir ɗin tayar da mota. Batir ɗin litiyam kuwa kan yanke kansa lokacin da aka fara jona inbata, saboda wutar da take zuƙa farat ɗaya. Mukan fara ratsa ƙwan mota tsakanin waya da kan batir na 'yan daƙiƙoƙi kafin a ɗaure.

Motar da ta fito daga Amurka a karanta jikinta tukuna: wayarinta na 120V ne, namu 230V. Kuma kada wutar NEPA ko ta janareta ta haɗu da wutar da inbata ke fitarwa, sai an sa canji-oba a tsakani.