Zuƙe shadda: cikawa ba wuya, wurin juyewa ne aiki

Sana'ata kwashe shadda da sokawe a wani ƙaramin gari na gabashin Jigawa. Tanka ɗaya gare ni mai injin zuƙa, da direba da yaran da ke jan tiyo. Tun da aka ayyana Jigawa a 2022 a matsayin jihar farko a Najeriya da ta daina bahaya a fili, kasuwa ta buɗe mana. Gidaje sun haƙa masai, makarantu sun haƙa, tasha da kasuwa sun gina na haya. Ramin da aka haƙa kuwa, wata rana sai ya cika.

Sokawe ba ya ba mu wahala, yawancinsa ruwa ne. Shaddar gargajiya ce mai cin rai. Ƙasanta ya daskare, ga leda da tsumma da kunzugun jarirai da ke toshe tiyo, sai an zuba ruwa an dama da doguwar sanda an tsamo shara da ƙugiya kafin inji ya ja. Yarona ba ya shiga rami ko nawa za a biya, domin iskar ciki tana sumar da ƙato kafin ya yi ihu. Lungun da mota ba ta shiga kuma, na masu bokiti ne, da dare suke nasu.

Mai gida yana ganin ramin ya yi fayau zai biya ya rufe ƙofa. Ni a nan damuwata take farawa. Garinmu ba shi da bututun ƙasa mai kai ruwan ƙazanta wurin tacewa irin na Wupa a Abuja, kuma ba za a yi mana ba nan kusa. Da rani manoma na roƙo a juye musu a gona don taki. Da damina sai tsohon kududdufi a bayan gari, wanda idan ya tumbatsa zai bi kwari ya haɗu da ruwan da ake wanki da ban ruwan fadama. A ƙasarmu ta Haɗeja ruwa ba shi da nisa, rijiyar da ba ta kai mita 30 daga rami ba tana cikin haɗari. Wanda ya ga kwalarar 2021, da ta kashe mutum sama da 3,000 a faɗin ƙasa, da ambaliyar 2022, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Abin haushin, maganin bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. Tafkuna uku ne a jere. Na farko mai zurfi, laka ta kwanta a ƙasa ta ruɓe. Na biyu mai faɗi, bai wuce mita ɗaya da rabi ba, inda gansakuka ke samar da iskar da ƙananan halittu ke buƙata su cinye dattin. Na ƙarshe ya fi su rashin zurfi, rana ta kashe sauran ƙwayoyin cuta. Ba a buƙatar wutar lantarki, babu injin da za a jira kayan gyaransa daga Legas, zafin rana kuwa muna da shi har ya yi yawa. Ko ciyawar kacalar da ta hana masunta da manoman fadama sakat, idan aka dasa ta a mafitar ruwan tacewa take yi. Lakar sai a shanya ta kan yashi da tsakuwa, a bar ta watanni, saboda ƙwan tsutsar ciki yana da taurin rai. Bayan nan taki ne da za a sa a buhu a sayar.

Mu masu mota za mu biya kuɗin juyewa, in dai an killace wurin an sa mai gadi, an kuma yi hanyar da tanka ba za ta kafe ba a watan Agusta. Sharaɗi ɗaya ne: kada a kai shi nesa. Dizal ne ke yanka farashin aikinmu, kuma na san abokan sana'ata. Idan tafiyar ta yi tsawo, direba zai jira dare ya buɗe famfo a kwalbatin farko da ya tarar.