Goran bature da iskar Kangimi

A shekarar da na yi aikin sanin makamar aiki a fannin kifi, an tura ni madatsar ruwa ta Kangimi da ke ƙaramar hukumar Igabi, wadda ake sako ruwanta cikin kogin Kaduna da rani don birnin ya samu na sha. Aikina shi ne in kamo karfasa da tarwaɗa da kurungu daga sassa daban-daban na dam ɗin, in auna tsawo da nauyi, in rubuta. Hayar kwalekwale kullum ta fi ƙarfin aljihun ɗalibi, sai malamin da ke duba aikina ya ara mini wani abu da ya sayo lokacin da yake karatu a Amurka. Kujera ce ta roba da ake hura wa iska, mai siffar kofaton doki. Mutum zai zauna a tsakiya, ƙafafunsa cikin ruwa sanye da takalman iyo masu faɗi kamar na agwagwa, yana shuri yana tafiya da baya. A can, masu fatsa ke hawanta a tafkuna.

Ranar farko da na hura ta a bakin ruwa, masunta suka kewaye ni. Wani dattijo ya latsa ta da yatsa ya ce, "Ai wannan gora ne, goran bature." Sunan ya bi ta ke nan. Kuma bai yi kuskure ba, domin kakanninmu sun daɗe da sanin hawa abu mai iska a ciki don kamun kifi. Duk wanda ya taɓa kallon bikin Argungu, wanda aka fara tun 1934, ya ga masunta kwance a kan gora da homa a hannu. Sai dai Matan Fada, kogin da ake bikin a ciki, ruwa ne matsattse, ga dubban mutane kusa da juna, kuma mai gora kwanciya yake yi, jikinsa na manne da ruwa. Ni kuwa zaune nake a miƙe, ga bangon roba ta ko'ina, a kan ruwan da ba na iya gane mutumin da ke ɗaya gaɓar. Iska na samun abin kamawa a jikina fiye da yadda na zata.

Makonni biyu na yi ina shiga ina fita lafiya, sai na fara ganin na iya. A cikin kwanakin nan ne na ratsa ta kan kallin wani dattijo, wato ragar kamun kifi da ake shimfiɗawa a cikin ruwa, takalmin iyona ya sarƙe, na fizge da ƙarfi har na ji zare ya tsinke. Ban nemi mai shi ba. Na ce a raina ɓarnar ba ta da yawa, na wuce. Har yau abin yana damuna, don na san yadda mutum ke kwana yana ɗinkin kalli da hasken cocila.

Wata safiya a watan Janairu, hunturu ya kankama, na shiga ta gaɓar da iska ke fitowa. Ruwan da ke gabana kwance yake luf, ko motsi babu. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne wannan kwanciyar ita ce tarkon. Idan iska na busowa daga tudu zuwa ruwa, gaɓa da itatuwa ne ke tare ta, kuma ba ta samu filin tada igiyar ruwa ba tukuna. Gwargwadon nisan da ta yi a kan ruwa, gwargwadon girman igiyar da take tarawa. Wato mai shiga daga nan yana farawa ne daga inda ya fi daɗi, iska na tura shi a hankali zuwa inda ya fi muni, kuma hanyar dawowa gaba da gaba ce da ita. Iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas take zuwa, da asuba takan yi laushi, sai hantsi ya dubi ludayi ta ƙara ƙarfi.

Wajen ƙarfe 10 na ɗaga kai na ga bishiyar da na yi alama da ita ta koma ƙarama. Na juya na fara shuri. Na daɗe ina yi, bishiyar ba ta matso ba. Gudun wannan abin, ko da mutum ya zage, bai kai tafiyar ƙasa ba, don haka iska matsakaiciya ma ta fi shi. Ruwa ya fara dukan bayan kujerar yana jiƙa ni, ga sanyi, domin ruwa na zuƙe ɗumin jiki kusan ninki 25 na yadda iska ke yi, ni kuma tun sassafe ƙafafuna ke ciki. Can sai jijiyar ƙafata ta dama ta ɗaure. Rigar kariya daga nutsewa tana ɗaure a bayan kujera, na cire ta saboda tana takura ni wajen jefa fatsa. A cikin igiyar ruwa ban iya ko juyawa in ɗauko ta ba. Na yi ihu, iska ta tafi da muryar. Hazo kuma ya rufe gaɓa.

Kwalekwalen da ya ɓullo na dattijon nan ne mai kalli, shi da jikansa. Ashe tun da na shiga yake lura da ni. Bai ce komai ba sai da suka jawo ni ciki, suka ɗaura goran a baya. Na lura bai nufi inda na fito kai tsaye ba, sai ya karkata ya bi gefen iska zuwa wani lungu mafi kusa, muka sauka can muka taka a ƙasa. Da na samu natsuwa na durƙusa na ce, "Baba, ni ne na yaga maka kalli." Ya ce, "Na sani, yaro. Da ka zo ka gaishe mu da safe, da mun gaya maka yau ba ranar wannan gefen ba ce."

Wannan maganar ta sauya mini yadda nake kallon gaisuwa a bakin ruwa. Da ina ganin zuwa wurin Sarkin Ruwa al'ada ce kawai da baƙo zai cika. Washegari na je na ce, "Ranka ya daɗe, na zo neman izini da shawara," ya sa aka nuna mini inda ake shimfiɗa kalli, da inda mamari ke kwance da ɗaruruwan ƙugiyoyi a ƙarƙashin ruwa. Mamarin nan ya fi tayar mini da hankali. Mai kwalekwale zai wuce ta kansa lafiya, amma ni ƙafafuna ne ke lilo a daidai inda ƙugiyoyin suke, kuma ƙugiya ɗaya ta isa ta huda roba. Tun daga nan duk wata jarka ko guntun soso da na hango yana yawo a kan ruwa, na san alamar kayan wani ce, sai in kewaye ta da nisa. Idan mai birgi, wato ragar da ake jefawa, na laɓe yana jiran jifa, ba na matsowa in fasa masa kifi da shuri. Idan na ga wani ya riga ni wuri, na bar masa. Zaren fatsa da ya tsinke kuwa aljihu nake sa shi, don na taɓa ganin balbela da ya naɗe wa ƙafa.

Shiga ruwa ma na sake tsari. Ina fara tafiya ina fuskantar iska tun da ƙarfina, don in ta tsananta ita za ta mayar da ni gida. Ba na nisan da ya wuce wanda zan iya iyo in fita. Rigar kariya tana jikina tun daga tudu, da usur rataye a wuyanta, domin ƙararsa na zuwa inda murya ba ta zuwa. Hukumar NIWA, mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, ta daɗe tana nanata maganar rigar nan ga masu jiragen ruwa, kuma wanda ya tuna hatsarin jirgin Warra a jihar Kebbi cikin Mayun 2021 ya san ba maganar wasa ba ce. Kafin in shiga kuma sai na gaya wa wani inda na nufa da lokacin fitowata.

Ita kanta robar tana da halinta. Iskar da aka hura a cikin zafin rana takan tsuke in ta taɓa ruwan sanyi, sai goran ya yi laushi, don haka nakan tsoma shi na ɗan lokaci, in ƙara masa iska, sannan in hau. In an bar shi cike a kan tudu da tsakar rana kuma kumbura yake yi har ɗinki ya buɗe. Kurungu ba na ɗora shi a cinya, ƙayoyinsa sun fi allura. Da na gama aikin na je asibiti aka gwada ni saboda tsargiya, don ƙwayar cutar daga katantanwar ruwa take fitowa ta shiga ta fata, ni kuwa na yi watanni ƙafa a ruwa.

Farkon damina ya zo da nasa darasin. Hadarin Afrilu da Mayu daga gabas yake tasowa, kuma iska ce ke riga ruwan sama isowa, farat ɗaya, da ƙura. A aji an koya mana cewa ƙarar tsawa na cin kilomita 1 a cikin daƙiƙa 3, saboda haka in tsakanin walƙiya da tsawa bai kai daƙiƙa 30 ba, hadarin na cikin kilomita 10, kuma mai riƙe da doguwar sandar fatsa a tsakiyar ruwa shi ne abu mafi tsawo a wurin. Baba bai taɓa ƙirga daƙiƙa ba. Wata rana da la'asar, sama tana fes a kanmu, ya dubi gabas ya ga gindin gajimare ya yi baƙi, ya ji iska ta ɗauke cak, sai ya ɗaga filafilinsa sama ya kira ni, "Yaro, fito!" Ban tsaya naɗe fatsa ba. Muna jawo kaya kan tudu guguwar ta iso, ruwan da na baro ya koma fari fat da kumfa.

A makona na ƙarshe na sayo zaren kalli a kasuwa na kai masa. Ya ƙi karɓa sau biyu, a na uku ya karɓa ya miƙa wa jikansa. Sannan ya ce in hura goran, yana so ya zauna a ciki ya ji. Jikan ya sa masa rigar kariya, ya ɗaure masa igiya a kujerar ya riƙe ɗaya bakin daga tudu. Baba ya yi shuri kaɗan a bakin gaɓa, ya ɗaga kai ya dubi ganyen bishiyoyi, ya ce a jawo shi, iska ta fara juyawa.