Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Babur ɗin Baba Ya Sake Tari

A makon jiya na tsaya a inda Inna ta miƙo mini makullin ɗakin zaure, ta ce in je in ga abin da zan iya yi da babur ɗin marigayi Baba, tunda na shekara biyu ina wanke sifana a gareji ban taɓa kawo mata ko sisi ba. Daminar 1994 ce, ina ɗan shekara 16.

Honda ne ƙirar CD175, mai silinda biyu da kafireto guda ɗaya, wato abin da ke haɗa mai da iska kafin su shiga injin. Baba ya saye shi a 1975 da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikata, lokacin yana aiki a masaƙa a Kakuri. Duk wanda ya yi wayo a Kaduna a wancan zamanin ya san yadda babura suka cika gari a shekarar. Tun da Baba ya rasu a 1991 ba wanda ya taɓa shi. An lulluɓe shi da tsohuwar tabarma, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinsa.

Na turo shi daga gida har garejinmu a Tudun Wada, tayoyi a sace, yara suna bina suna dariya. Maigidana yana zaune a kan benci yana shan koko. Ya dubi babur ɗin ya daɗe, sannan ya ce ya san shi tun yana sabo. Ya buɗe murfin tanki ya shinshina, ya yamutse fuska.

"Ka ji warin nan? Wannan ba fetur ba ne kuma, fenti ne."

Ni dai hannuna yana ƙaiƙayi in kwance kafireto, domin a lokacin gani nake duk ciwon babur a nan yake. Har na ɗauko sukudireba. Ya ce in ajiye. "Yaro, mai daga ina yake tasowa?" Na ce daga tanki, Maigida. Ya ce to wanda ya wanke tulu ya koma rijiya mai laka bai yi aikin komai ba.

Kwana biyu cur na yi a kan tankin nan. Idan fetur ya daɗe a ajiye, mai sauƙin cikinsa yakan bi iska, ya bar wani danƙo ja mai manne wa ƙarfe. Ga kuma tsatsa, domin rabin tankin iska ce, kuma raɓar damina uku ta zauna a ciki. Muka zuba kananzir da tarin noti da ƙananan kusoshi, na rungume tankin ina girgizawa kamar mai kaɗa nono, in zubar, in sake. Abin da ya fara fita kamar kunun kanwa. Sai a zubi na shida ko na bakwai kananzir ya fito da kamanninsa. Famfon mai da ke ƙarƙashin tanki shi ma mun kwance shi. Akwai ɗan kofi a gindinsa da 'yar rariya, nan datti da ruwa suke taruwa. A nan na fahimci abin da ya sa babur yakan fara shaƙewa da zarar an juya famfo zuwa rizab, wato ragowar man ko-ta-kwana: bakin rizab a can ƙasan tanki yake, inda ruwa da tsatsa suke kwanciya, tunda ruwa ya fi fetur nauyi. Tiyon mai kuwa ya bushe ya yi tauri kamar kara, muka yanko sabo.

Rana ta uku aka ba ni izinin taɓa kafireto. Maigida ya sa na shimfiɗa farin tsumma a kan faranti, ya ce duk abin da na cire in jera shi bi da bi, kada in kuskura wani ya faɗa ƙasa. Na cire kwanon ƙasa, sai ga shi ciki ya yi kore. Fulot na tagulla ne, irin na da. Ya ɗauke shi ya kai kunnena ya girgiza. Na ji wani ɗan ƙara, caka-caka.

"Me ka ji?"

"Kamar ruwa a ciki."

"Mai ne. Ya huje. Abin da aikinsa shi ne ya yi iyo a kan mai, in ya sha mai ya nutse, wa zai rufe ƙofa?"

Haka abin yake. Mai yana shiga kwano, fulot yana tasowa, in ya kai iyaka sai ya tura wata 'yar allura ta toshe hanya. In ya nutse, mai ya yi ta kwarara har ya zubo ta tiyon ƙasa, injin ya shaƙe. Mun nemo hujin ta hanyar tsoma shi a ruwan zafi da muka karɓo wajen mai shayi, iskar ciki ta kumbura, ƙananan kumfa suka riƙa fita a wuri ɗaya. Bayan mun zubar da man ya bushe, na kai shi Panteka, kasuwar maƙera da tsofaffin ƙarafa, aka ɗiga masa dalma kaɗan. Maigida ya ja mini kunne cewa in ce kaɗan, domin in dalma ta yi yawa nauyinsa ya canza.

Yanzu ga inda na yi ɓarna, kuma ban taɓa gaya wa Inna ba har ta koma ga Allah.

Jet biyu ne a cikin kafireton, wato 'yan ƙananan tagulla masu huji da mai ke bi ta ciki. Babban shi ke ba da mai idan an murɗa totur sosai, ƙaramin kuma shi ke riƙe injin a silo, wato lokacin da aka saki totur. Hujin ƙaramin bai kai rabin milimita ba. Na ɗaga shi sama ina neman haske, babu. Na jiƙa shi a fetur, na hura da baki, babu. Maigida ya tafi sallar la'asar, ni kuma ina so ya dawo ya tarar na gama. Sai na zaro allurar ɗinki daga hular wani abokin aikina, na cusa, na murza da ƙarfi. Haske ya fito tar, har na yi murna.

Da yamma muka haɗa komai, Maigida ya ara mini batir mai bolt 6, muka goge fulogi biyu da kwantak. Mai kuwa sai da na je wajen 'yan bumburutu, domin lokacin ma'aikatan mai suna yajin aiki, layin gidan mai sai ka kwana a kai. Kwalba ɗaya na iya saya, Maigida ya sa na tace ta da tsumma. Na ja cok, na buga kik sau huɗu, a na biyar ya yi tari, ya kama. Wallahi sai da idona ya ciko, domin ƙarar nan ce take tashe mu da asuba muna yara.

Murnar ba ta yi nisa ba. Baƙin hayaƙi yana fita ta salansa, injin yana ɓaɓɓaka kamar mai mura, in ka saki totur sai ya yi ta rawa ya mutu. Maigida ya murɗa sukurun iska ciki a hankali har ya zauna, ya dawo da shi zagaye ɗaya da ɗan ƙari, ya saurara, ya ƙara fito da shi. Bai canza ba. Ya kwance fulogi, ga shi baƙi ƙirin da ƙunar mai. Bai ce mini komai ba, ya cire kwano ya zaro ƙaramin jet ya duba a hasken fitila.

"Da me ka soke shi?"

Na sunkuyar da kai.

"Tagulla ce, ɗan nan. Ƙarfe ya fi ta ƙarfi. Wanda ya ƙera ya auna hujin nan daidai da iskar da za ta haɗu da shi, kai kuma ka buɗe masa ƙofar gari."

Daga baya ne na karanta cewa injin fetur yana son iska wajen kashi 15 a kan kashi 1 na mai, in an auna da nauyi. Maigida bai san wannan lissafi ba, amma yana ganinsa a fulogi: baƙi mai ya yi yawa, fari fat mai ya yi kaɗan kuma injin zai yi zafi, ruwan ƙasa kamar soyayyiyar gyaɗa shi ne lafiya. Da silin waya mai laushi guda ɗaya yake bin jet, sannan ya hura da famfon taya. Ni ma har yau haka nake yi, kuma yaran da ke zuwa da allura a aljihu ba na barinsu kusa da faranti.

Sati biyu ina yawo a Panteka ina tone buhunan tsofaffin kafireto kafin in samu jet mai lamba irin tamu. Kuɗin abincin rana na tara na biya. Da muka saka, babur ya zauna a silo lafiya lau, tik-tik-tik, kamar agogo.

Na ɗauke shi gwaji zuwa Kawo. Ban kai Unguwar Sarki ba ya fara ja da baya, ya mutu. Na tsaya minti biyar, ya tashi, ya sake mutuwa. Sau uku haka. Na buɗe murfin tanki in ga ko mai ya ƙare, sai na ji ya ja iska, fuu. Ashe ɗan hujin numfashi da ke jikin murfin ne tsatsa ta toshe. Mai ba ya sauka in iska ba ta shiga ta maye gurbinsa. Na sassauta murfin na taho gida a hankali, ina jin kaina kamar gwamna.

Ina shan kwanar layinmu na hango takalma a ƙofar zaure. Kawu ne, ƙanen Baba, ya zo daga Zariya. Ya fito ya tsaya yana kallon babur ɗin, bai amsa gaisuwata ba. Ya juya wajen Inna da ke bakin ƙofa da mayafi, ya ce, "Ashe yana tashi? To ai ba a raba shi a gado ba."

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.