Godiya ga duk wanda ya riƙe ƙungiyar ƙwallon garinmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, taron da muka daɗe muna shiri ya zo ya wuce lafiya. Ranar Asabar da ta gabata ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta garinmu ta tara tsofaffin 'yan wasanta da na yanzu a filin makarantar firamare. An karanta tarihinta a bainar jama'a, an yi wa waɗanda suka riga mu gidan gaskiya addu'a, dattawa sun ɗan taɓa tamaula, sannan samari suka kara da baƙinmu na garin maƙwabta har gab da Magariba. Ba wanda ya ji ciwo, ba a yi ko cacar baki ba, kuma duk baƙon da ya zo ya koma gidansa lafiya. Shugabanni sun ɗora mini nauyin rubuta wannan godiya a matsayina na sakatare. Ba zan kama suna ba, domin da yawa daga waɗanda suka fi shan wahala sun roƙe ni kada in ambace su. Duk wanda ya ga kansa a ciki, da shi nake.

Muna godiya ga Uban Ƙasa, ranka ya daɗe, da ya zo da kansa ya zauna a rumfa har aka tashi, bai aiko wakili ba. Muna godiya ga limamin Juma'a da ya buɗe taro da addu'a, da shugaban makaranta da malamansa da suka ba mu fili da kujeru, da 'yan agaji da 'yan sintiri da suka tsaya cikin rana suna gyara zaman jama'a.

Amma godiya mafi nauyi ta dattawan da suka kafa ƙungiyar ce. Tarihin da aka karanta ranar ba a littafi muka samo shi ba, daga bakinsu muka kwaso shi. Gida gida muka bi su, wani a zaure, wani a rumfar kasuwa, wani a kan tabarmar jinya. Ba wanda ya ce mana ya gaji. Ɗaya daga cikinsu, wanda shi ne mai tsaron gida na farko, yanzu idanunsa sun yi rauni, sai da jikansa ya riƙo hannunsa zuwa filin. Da ya iso ya sa sandarsa ya daddale ƙasa, ya ce da ni, "Ɗana, wanga hili mu munka share shi da hannunmu." Na ce, "Baba, mun sani, shi ya sa muka kira ku." Allah ya ƙara masa lafiya.

Abin da bakinsu ya zo ɗaya a kai shi ne, wasan ƙarshe na gasar cin kofin Afirka na 1980 shi ya haifi ƙungiyar nan. Ranar 22 ga Maris na shekarar, 'yan wasan Najeriya, da ake kira Green Eagles a lokacin, suka ci Aljeriya uku da nema a Legas, Segun Odegbami ya zura biyu, Muda Lawal ya ƙara ɗaya. Garinmu babu wutar lantarki a lokacin, balle talabijin. A gindin rediyo mai batir aka taru a ƙofar gidan wani malamin firamare, mai sharhi yana zuba Turanci, malamin yana juya wa jama'a da Hausa. Da ya ce Shugaban Ƙasa Alhaji Shehu Shagari ne da kansa ya miƙa wa kyaftin Christian Chukwu kofin, sai wuri ya kaure da sowa. Ga Basakkwace abin ya zama na gida, domin ɗan jiharmu ne, kuma shi ma malamin makaranta ne kafin siyasa ta ɗauke shi. A wannan daren samari suka ce lallai su ma sai sun yi tasu ƙungiya.

Kafin nan ƙwallon tsumma ake bugawa a lungu. Makarantar kuwa sabuwa ce, cikin waɗanda aka gina da shirin ilimin firamare kyauta na 1976, bayanta duk ƙarangiya ce da tsidau da kututture. Da fartanya da gatari suka shiga, cikin zafin bazarar Sakkwato da kowa ya sani. Suka saro itacen dogon-yaro suka kafa turaku, suka ɗaura igiya a sama. Riga kuwa farar singileti kowa ya sayo, aka haɗa aka kai karofi aka rina da baba, aka rubuta lamba da fenti a baya. Ƙafa ba takalmi. Wani ɗan hidimar ƙasa daga Kudu da aka turo koyarwa shi ya fara nuna musu cewa akwai ɗan baya, akwai ɗan tsakiya, akwai ɗan gaba, ba kowa ya bi ƙwallo duk inda ta nufa ba, shi ya kuma koya musu dokar satar gida. Ya gama shekararsa ya tafi, amma har yau dattawan nan suna yi masa fatan alheri.

Ba kowa ya yi maraba da abin ba a farko. Iyaye da dama sun ɗauke shi shashanci, wasu malamai kuma sun ji tsoron zai janye yara daga karatun allo da salla. Uban ƙasa na lokacin, Allah ya jiƙansa, shi ya raba gardama da sharaɗi uku: ba a shiga fili sai an sallaci La'asar, ana jin kiran Magariba alƙalin wasa ya busa tashi ko da ƙwallo tana bakin raga, kuma yaron da bai je gona ko makaranta ba a ranar ba ya buga wasa. A ganina wannan sharaɗi shi ya raya ƙungiyar, domin shi ya sa gari ya ɗauke ta tasa. Har gobe da shi muke aiki. Sauran masu ja da baya kuma suka sassauto a 1985, lokacin da yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 16 suka ci Jamus ta Yamma biyu da nema a ƙasar Sin suka ɗauko kofin duniya. Daga nan uba yakan raka ɗansa fili da kansa.

Mu ba mu taɓa shiga gasar ƙasa ba. A tsarin ƙwallon Najeriya akwai gasar Firimiya ta NPFL a sama, sai NNL ta rukuni na biyu inda Sokoto United ta fafata, sai NLO ta rukuni na uku, sannan wasannin da ake yi a cikin jiha. Mu a can ƙasa muke, inda ba albashi, ba kwantiragi, ɗan wasa shi ke sayen takalminsa. Lokacin wasanmu ma gona ce ke tsara shi. Da damina kowa yana bakin gero da dawa, da rani rabin 'yan wasa sun tafi ci-rani ko suna fadama wajen albasa da tafarnuwa. Daga kaka zuwa ƙarshen hunturu ne ake samun cikakkun mutum goma sha ɗaya da 'yan canji. Duk wanda ya san wannan zai gane cewa ɗorewar ƙungiya irin tamu fiye da shekara arba'in ba ƙaramin abu ba ne.

Sau biyu ta kusa mutuwa, kuma duka biyun ƙirƙirar jiha ce sanadi. Da aka cire Kebbi daga Sakkwato a watan Agusta na 1991, malamai da ma'aikatan asibiti da na gona 'yan asalin Argungu da Yawuri da Zuru aka mayar da su jiharsu, cikinsu har da kocinmu da masu biyan karo-karo mafi tsoka. Ana cikin farfaɗowa sai 1996 ta zo. A watan Agusta gari ya kwana murnar zinaren da Najeriya ta ci a ƙwallon gasar Olympics ta Atlanta, bayan an fitar da Brazil huɗu da uku an kuma ci Ajantina uku da biyu, ga 'yan Arewa irin su Tijjani Babangida da Garba Lawal da Daniel Amokachi a cikin tawagar. Wata biyu bayan haka, ranar 1 ga Oktoba, aka ƙirƙiri Zamfara, 'yan Gusau da Talatar Mafara da Ƙauran Namoda su ma suka ɗaure kayansu. Fili ya koma makiyayar awaki.

A nan ne nake so jama'a su san wata baiwar Allah. Mahaifiyar ɗaya daga cikin 'yan wasanmu ce, ɗan nata ya rasu yana saurayi. Da ƙungiya ta watse, ita ta tattara rigunan da ƙwallo da usur da littafin karo-karo ta zuba a akwatin ƙarfe ta tura ƙarƙashin gadonta. Duk shekara takan fito da rigunan ta shanya don kada asu ya ci. Da wasu samari suka tashi farfaɗo da ƙungiya, ita ta aika aka kira su ta miƙa musu akwatin. Littafin nan na gan shi da idona, na riƙe shi. Bangonsa ya tafi, an ɗinke shi da zaren buhu, amma sunaye suna nan da biro shuɗi, kowa da kwabon da ya bayar, har da ranar da aka sayi robar cikin ƙwallo da ranar da aka biya kuɗin mota. Rabin tarihin da aka karanta daga cikinsa ya fito. Inna, ba ki fito taro ba, amma an kawo miki labari. Allah ya saka miki da Aljanna, ya jiƙan ɗanki.

Akwai kuma waɗanda ba su taɓa shiga hoton ƙungiya ba. Badukun bakin kasuwa, wanda tun zamanin ƙwallon fata yake ɗinke mana ita idan ta fashe: ya zare robar, ya liƙe hujin, ya mayar, ya bi ɗinkin da basilla da zare mai kaki, in ka miƙa masa kuɗi ya ce ka saya wa yara ruwa. Yanzu ɗansa ne ke gyara mana takalma, shi ma da halin uban. Matan unguwa da suke tara mana tokar murhu, yara su zuba a gwangwani mai huji su ja layin fili da ita, kuma a wannan karon su suka dafa tuwon shinkafa da masa suka dama furar da baƙi suka sha. Masuncin da ya saƙa mana ragar farko da irin zaren da yake saƙa komarsa ta kamun kifi a gulbin Rima. Direban akori-kura da yake kai mu wasan waje, kuɗin mai kawai yake karɓa. Shi ne ya kai mu birnin Sakkwato ranar da muka buga wasan share fage na kofin ƙalubale na jiha a filin wasa na Giginya. An ci mu a ranar, amma duk wanda ya taka filin nan yana ba jikokinsa labari, kuma da aka ambaci wasan a wurin taro na ga dattawa suna share hawaye. 'Yan kabu-kabu su ma sun yi ta jigilar tsofaffi kyauta tun safe. Allah ya yi wa sana'arku albarka.

Ba zan tsallake 2010 ba. Ambaliyar watan Satumba, wadda ta yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta cinye gidaje da gonaki a ƙauyukan da ke kewaye da mu. Makarantar nan ta zama masaukin waɗanda ruwa ya kora, filinmu ya cika da bukkoki da murahu. 'Yan wasanmu suka ajiye ƙwallo suka koma ɗaukar kaya da ɗebo ruwa da rabon abinci. Bayan mutane sun koma, masu jakuna da masu amalanke suka yi ta kawo ƙasa ana cike ramuka. Wasu daga yaran da suka kwana a azuzuwan nan a lokacin su ne suka sa rigarmu ranar Asabar.

Ga samarinmu ina da magana, kuma da ƙauna nake yin ta. Tun da gidajen kallon ƙwallo suka yawaita, zamanin da Kanu yake Arsenal da lokacin da Mikel ya je Chelsea, yaro yakan lissafa maka 'yan wasan Ingila da Sifaniya kaf, amma bai san wanda ya fara tsare ragar garinsu ba. Ban ce kada a kalla ba, ni ma ina kallo. Sai dai abin yana yi mini ciwo idan muna wasa a fili, 'yan kallo ba su cika benci biyu ba, gidan kallo kuwa ba masaka tsinke. Ranar Asabar kun faranta mana rai: kun cika fili, har kan katangar makaranta, kuma masu gidajen kallo da kansu suka rufe suka kawo mana janareto da lasifika. Mun gode. Muna roƙon kada ya zama na rana ɗaya.

Ga abokan karawarmu na garin maƙwabta, waɗanda muka gaji hamayya da su tun daga iyaye, mun gode da kuka amsa gayyata, kuka zo da dattawanku, kuka kawo tsofaffin hotunan da mu ba mu da su. An tashi kunnen doki, ɗaya da ɗaya, kuma alƙalin wasa ya yi adalci. Tsofaffin 'yan wasanmu da suka taso daga Birnin Kebbi da Gusau da Kano da Legas, Allah ya mayar muku da abin da kuka kashe. Waɗanda ke gabashin jiha da matsalar tsaron hanya ta hana su zuwa, mun ji saƙonku ta waya, an kuma karanta gaisuwarku a lasifika. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Ma'aji zai karanta lissafin duk abin da aka tara da abin da aka kashe a zaman ƙungiya mai zuwa, kuma ƙofa a buɗe take ga duk wanda ya ba da ko sisi. Shugabanni sun amince a raba abin da ya rage biyu: kashi ɗaya a sabunta rajistarmu da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, ɗayan a kai wa tsofaffin 'yan wasa biyu da ke kwance ba lafiya. Tarihin da aka karanta za a buga shi a kwamfuta a ajiye kwafi a makaranta da fadar Uban Ƙasa. Duk mai tsohon hoto ko kati ko wata takarda ta ƙungiya, ya taimaka ya kawo a ɗauki hotonta a mayar masa da abinsa a take. Atisaye zai ci gaba ranar Litinin bayan La'asar, yara 'yan ƙasa da shekara goma sha biyar su zo da izinin iyayensu.

Wanda muka ɓata wa a wajen hidima, ko bai samu wurin zama ba, ko abinci bai kai gare shi ba, ya yafe mana. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya bar zumunci.

Sakataren ƙungiya, a madadin shugabanni da 'yan wasa.