Saƙon godiya daga iyali, da jan hankali kan jan magani

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, an sallamo yaronmu da ya sha jan magani daga asibiti, yana ci yana sha, fitsari ya daidaita. Muna godiya ga likitoci da ma'aikatan jinya na sashen gaggawa, da maƙwabtanmu na unguwar Zariya nan Maradi, da mai adaidaitan da ya kai shi bai karɓi ko dala ba. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Masu tambayar me ya sha: jan maganin ciwo ne, wato Mercurochrome, ya ɗauka zoɓo ne. Na shafawa ne kawai, don akwai sinadarin makuri, wato zaiba mai dafi, a cikinsa. Wanda aka saba gani mai ƙarfin kashi 2 cikin 100 ne, cokalin shayi ɗaya na ɗauke da makuri wajen miligiram 27, kwalbar mililita 30 kuwa wajen 160. Amurka ta cire shi daga jerin magungunan da ta amince da su tun 1998, Faransa ta janye shi a 2006.

In an sha shi, da farko yana ƙona baki da maƙogwaro, sai amai, ciwon ciki da zawo, wani lokaci har da jini. Amma ƙoda ce abin tsoro. Amai na iya tsayawa a ɗauka an warke, alhali fitsari na raguwa. Shi ya sa likita ke ƙarin ruwa, yana auna fitsari, yana maimaita gwajin jini. In makurin ya yi yawa a ba da maganin da ke kamo shi ya fita ta fitsari, in ƙoda ta tsaya sai wankin ƙoda.

Don Allah iyaye mata, kada a tura yatsa a baki, kada a ɗura ruwan gishiri ko manja. Amai na dole yana sake ƙona maƙogwaro, yana iya faɗawa huhu. Nono ma ba ya kashe dafin, ɓata lokaci ne kawai. A kurkure baki, a riƙe lokacin da ya sha, a duba yawan abin da ya rage, a tafi da kwalbar. Wannan kwalbar ita ke raba gardama, don akwai wani jan maganin, Éosine, wanda babu makuri a cikinsa, kuma da ido ba a bambanta su.

Akwai sauran gwajin ƙoda nan gaba, muna roƙon ku ci gaba da sa shi a addu'a. Masu son dubiya, bayan la'asar ya fi.